Jiran Kashi Ɗari a Dogon Dawa

Wanda ya koyi rubuta manhaja a birni bai san darajar ɗan layin nan mai ƙirga ci gaban aiki ba. Mu da muke dawowa hutu Dogon Dawa daga Zariya, a zamanin da hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari take lafiya lau, mun san ta sarai. Bayan sallar isha'i nakan ɗauki kwamfuta da modem in nemi inda sabis ke kamawa, in umarci Git ya sauko mini da aikin da muke yi da abokai.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi ke ajiye tarihin kowane gyara da aka yi wa rubutun manhaja. Yana cikin saukarwa yana faɗin kashi nawa cikin ɗari ya iso, da kuma saurin zuwansa. Ina kewar daren nan ƙwarai. Ƙannena, da ba su san kan aikin ba, sukan zagaye ni suna karanta lambar da ƙarfi. In ta motsa, a yi murna. In ta cije, na san sabis ya yanke, sai in rufe kafin batir da data su tafi a banza. Tamkar ɗan kamasho ne mai gaskiya a tasha: ya ce saura mutum biyu, kuma biyun ne.

Daga baya na gane hikimar shirunsa. Ƙaramin aiki na cikin kwamfuta, Git ba ya damun mutum da lissafi sai abin ya ɗan ja. Mercurial, wata manhaja irinsa kuma sa'ansa na 2005, daƙiƙa 3 yake jira kafin ya nuna komai. In kuwa ba mutum ne ke kallon allo ba, wata manhaja ce ke karɓar saƙon, duka biyun sukan yi shiru. Tun 1993 masani Jakob Nielsen ya rubuta cewa jira in ya haura daƙiƙa 10, hankalin mutum ya fara barin aikin.

A 2021 gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ko jiran ma ya gagara.

Ku matasa masu gina manhaja a Kaduna da Kano, wajen nuna ci gaban aiki ku auna da tsawon jiran mutum, kada ku auna da girman fayil. Abin da ke sauka nan take a ofishinku, ɗan Dogon Dawa yana iya kwana a kansa.