Haridwar: Ba Duk Mai Tufafi Ruwan Goro Ne Malami Ba

Na san finafinan Indiya ba baƙon abu ba ne a ɗakinki. Kin sha ganin dattijon da ke zaune gaban wuta yana karatu, ango da amarya suna zagayawa, kin kuma sha ganin mai dogon gashi da ya shafe jikinsa da toka yana zaune a gindin bishiya. Yawancinmu kuɗin goro muke yi musu, mu ce "bokan Indiya". To a wajen mabiya addinin Hindu kowannensu da sunansa da aikinsa, kuma da dama daga cikinsu ba sa koyar da kowa komai. A wannan wata ɗauko mayafinki mu je Haridwar, garin da za ki iya ganinsu duka a wuni ɗaya.

Haridwar na jihar Uttarakhand ne a arewacin Indiya, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai daga Delhi. A nan ne Kogin Ganga ke barin duwatsun Himalaya ya sauko fili, shi ya sa suke ɗaukar garin da tsarki. Ki sani tun daga gida cewa ba a sayar da nama a tsakiyar garin, abincinki shinkafa ne da wake da gurasa da ganyayyaki.

Da faɗuwar rana jama'a kan yi dafifi a wani mashigi mai matakala da ake kira Har Ki Pauri. Akwai tsohuwar dokar gari tun zamanin Turawa da ta keɓe wannan wuri ga mabiya Hindu, saboda haka ki tsaya daga nesa ki yi kallo. Za ki hango waɗansu maza riƙe da manyan fitilun tagulla suna juya su a kan ruwa, ana kaɗa ƙararrawa. Waɗannan su ne pujari, wato masu hidimar wuraren bauta. Aikinsu gudanar da ibada a madadin jama'a, ba karantarwa ba. Ɗan uwansu a sana'a shi ne purohit, wanda kowane gida ke da nasa, shi ake kira ranar ɗaurin aure da suna da mutuwa. Shi ne dattijon nan na gaban wuta a fim, wanda kika ji ana ce wa pandit.

Idan kika shiga lungunan da ke bayan mashigin za ki tarar da wasu mutane zaune a ƙananan ɗakuna, kewaye da dogayen littattafai. Sunansu panda, kuma su ne ma'ajiyar asalin iyalai. Kowane gidan panda yana da garuruwa da ƙauyukan da ya gada. Duk wanda ya kawo tokar mamacinsa don zubawa a kogi sai ya nemi pandan ƙauyensu, a buɗe littafi a rubuta wa ya rasu, wa aka haifa, wa ya yi aure, sannan ya sa hannu. Wasu littattafan sun yi ɗaruruwan shekaru, har mutum kan ga rubutun kakan kakansa ya fashe da kuka.

Yanzu mu zo ga masu tufafi ruwan goro da suka cika bakin hanya. Su ne sadhu, waɗanda suka bar duniya, macensu kuwa sadhvi. Wanda ya ɗauki cikakken alkawari, wato sanyasi, da kansa yake yi wa kansa bukukuwan mutuwa tun yana raye, ya bar sunansa da dukiyarsa da danginsa, a raɗa masa sabon suna, sau da yawa da laƙabin Swami a gaba. Shi ya sa idan ya mutu ba a ƙona shi kamar sauran mabiya Hindu, binne shi ake yi ko a saka shi a kogi. Ki duba abin ta idon uwa: ɗanta na nan da rai, amma a al'adance ya riga ya tafi. Da yawansu na cikin ƙungiyoyi 13 da ake kira akhara, shugabanninsu kuma mahant. Masu shafa toka, wato Naga, an fi ganinsu a taron Kumbh Mela, wanda Haridwar ta karɓi baƙuncinsa a 2010 da 2021. Sai dai barin duniya daban, ilimi daban. Wani sadhun masani ne, wani ko karatu bai iya ba, wani kuma mabaraci ne kawai da ya gane cewa wannan launi na sa a buɗe jaka.

Mai ilimin littafi shi ake kira acharya. Shi ke koyar da harshen Sanskirit da littattafan Veda. A tsarinsu na da, yaro kan koma gidan malaminsa da zama, ya yi masa itace da ɗiban ruwa yana haddar karatu, abin da zai tuna miki da makarantar allo. Gurukul suke kiran wannan tsari, kuma a gefen Haridwar akwai Gurukul Kangri da Swami Shraddhanand ya kafa a 1902. Ƙololuwar wannan sahu su ne masu sarautar Shankaracharya, shugabannin cibiyoyi huɗu da ake danganta kafa su ga Adi Shankara, malamin ƙarni na 8: Sringeri a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, sai Joshimath a arewa, can cikin duwatsun wannan jiha.

Sai guru, kalmar da ta fi kowacce yawo a duniya. Babu makarantar da ke ba da shaidar zama guru, mabiya ne ke mayar da mutum haka. Sun raba su gida biyu: mai koyarwa, wanda mutum kan iya samun da dama, da mai shigar da almajiri hanya ta wani biki da ake kira diksha, inda zai raɗa masa wata kalma a kunne ya riƙa maimaitawa har mutuwa. Wannan na biyun ɗaya tak ake yi. A kowace shekara, wajen watan Yuli, akwai ranar Guru Purnima da almajirai ke zuwa su taɓa ƙafafunsa su miƙa kyauta.

In kina son ganin gidajen guru, waɗanda ake kira ashram, sai ki hau mota zuwa Rishikesh, kilomita kusan 25 sama da Haridwar. A can ne Swami Sivananda, wanda ya yi aikin likita a Malaya kafin ya bar duniya, ya kafa ƙungiyar Divine Life Society a 1936. A can ne kuma mawaƙan Ingila, Beatles, suka zauna a wajen Maharishi Mahesh Yogi a 1968, abin da ya jawo Turawa garin har gobe. Kada kuma ki ɗauka harkar ta maza ce zalla. A unguwar Kankhal da ke Haridwar akwai kabarin Anandamayi Ma, 'yar Bengal da aka haifa a 1896 ta rasu a 1982. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma mijinta da kansa ya zama almajirinta, Firayim Minista Indira Gandhi ma na cikin masu kai mata ziyara.

To 'yar uwa, ga inda gizo ke saƙa. Tun da an hori almajiri ya yi wa guru cikakkiyar biyayya, idan aka yi rashin sa'a ya faɗa hannun mugu, babu mai ce masa kul. A 2013 wasu iyaye, mabiyan wani shahararren guru mai suna Asaram, suka kai masa 'yarsu mai shekara 16 a kusa da Jodhpur, bayan an gaya musu wai iskoki ne suka shafe ta. Yarinyar ta fito ta gaya wa mahaifiyarta abin da ya yi mata, iyayen suka gaskata ta, suka kai ƙara duk da ɗimbin mabiyansa. A 2018 kotu ta same shi da laifin fyaɗe ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Tun a 2017 ma majalisar akhara ta fitar da sunayen mutum 14 da ta ce na bogi ne, har da shi a ciki.

Su kansu mabiya Hindu sun daɗe da sanin wannan matsala. A labarinsu na Ramayana, shigar mai barin duniya Ravana ya yi ya sace Sita, bayan ta fito ba shi sadaka. Tsofaffin littattafansu kuma sun yi horo da a daɗe ana gwada guru kafin a miƙa masa wuya.

Saboda haka idan Allah ya kai ki Indiya, ko jinya ko kasuwanci, ki girmama mutane, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton kowa. Idan wani ya miƙo miki fure ko zai ɗaura miki zare a hannu, ki yi godiya ki wuce, domin kuɗi zai biyo baya. Babban guzurin da nake so ki komo da shi kuwa na iyayen yarinyar nan ne: kada kwarjinin wani ya sa ki bar 'yarki ita kaɗai a ɗaki da shi, kuma ranar da ta zo miki da magana, ki saurare ta.