Daga Dogo-Dogo zuwa Kano da yaron Yaya

Laraba. Yaya ta yarda a kai ɗanta asibiti a Kano don gwaji. Shekararsa 7, mai sikila ne. Bara wata yarinyar unguwarmu mai irin ciwonsa ta wayi gari ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Aka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Har yau jan ƙafa take.

Alhamis. Mun bi ta Maigatari ranar kasuwa, shanu sun cika hanya. Gumel, sai Kano da magariba.

Juma'a. Aka kwantar da shi, aka shafa masa wani abu mai santsi a gaban kunne, inda ƙashin kai ya fi siranta, aka ɗora kan wata na'ura. Babu allura, babu aski. Sai ga ƙara, fuu, fuu, tana bin bugun zuciya. Yaron ya ce, “Kawu, jinina ne?” Na ce naka ne. Na'urar saurin jini take aunawa a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Jijiya in ta tsuke jini gudu yake ƙarawa, kamar ruwa a ƙuntataccen kwalbati. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗari ya matso. Nasa ya haura.

Asabar. Yaya ta yi kuka a waya. Na ce, “Yaya, ki gode Allah, mun riga ciwon.” A 1998 binciken Robert Adams a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage shanyewar jiki ga irin waɗannan yara da kusan kashi 90 cikin 100. To, wa zai ba ɗan Dogo-Dogo jini duk wata? Shi ya sa na fi ganin girman aikin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi da Jami'ar Vanderbilt: sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya, sakamakon 2022 ya nuna ko ƙaramin awo yana ba da kariya.

Lahadi. Hutu.

Litinin. An rubuta maganin, kullum zai sha, za a kuma riƙa duba jininsa. Likita ta ja mini kunne: in baki ya karkace ko hannu ya saki, kada a tsaya turare, a nufi babban asibiti a take, don hoton sikana ne ke bambance toshewar jijiya da fashewarta. Mafi kusa da mu Damagaram ne, kuma da damina hanyar sai addu'a. Gobe zan tambayi direban Dungas nawa zai ɗauke mu in ta kama cikin dare.