Zamanin da Igiya Uku Take Sarauta

Kafin a fara ganin ɗan ƙasa da anini a kafaɗa, martabar soja a damtsensa take. Yaro ya gama kurtu a barikin horo na Zariya, wanda aka buɗe a 1924, ya fito farabiti, hannun rigarsa fayau. Sai ya sha rana ya sha fareti shekara da shekaru kafin a ɗaura masa igiya ɗaya, ya zama las-kofur. Biyu kofur ke nan, uku kuwa saje. Ran da aka ƙara wa mutum igiya, har matarsa sai tafiyarta ta canza a layin bariki.

Rundunar da Lugga ya harhaɗa a 1897 don tsaron ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma ta san ado. Ranar babban fareti sai ka ga jar dara mai tuntu, da 'yar shara ja, da jar ɗamara a kan gajeren wandon kaki wanda ya sha sitaci da guga, ga bajon bishiyar kwakwa an goge shi yana ƙyalli. Da Hausa ake magana a bariki, Turawan hafsoshi ma dole su koye ta, ko da ta fito a karkace.

Amma duk wannan ado a ƙarƙashin idon mutum guda yake, wato samanja. Shi alamarsa a tsintsiyar hannu take, ga sanda a hammata, muryarsa kuwa tana kaiwa har bayan shinge. Nan ne iyakar baƙar fata a wancan lokaci, kuma wanda ya kai nan ba ƙaramin mutum ba ne. Dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Da fari sojan Jamus ne a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi yaƙin Habasha, ya je ƙasar Bama, ya tara lambobin yabo daga ɓangarorin biyu. Sai da ya zo yin ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Yau barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. A ganina, sandar irin waɗannan ta fi aninai da yawa nauyi.

A shekarar 1953 ɗin ce kuma Zakariya Maimalari ya zama hafsa bayan horo a Sandhurst, hanya ta buɗe wa 'yan Arewa. Da Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, kambin Sarauniya ya sauka daga kafaɗar manjo, mikiya ta hau. Daga 1966 kuwa, da mulki ya koma hannun soja, har mai shayi ya iya lissafi: anini uku kyaftin, mikiya da anini biyu kanar, takobi da sanda a gicciye janar. Ido ya tashi daga damtse ya koma kafaɗa.

Su kuwa 'yan mazan jiya, musamman waɗanda suka je ƙasar Bama, da suka tuɓe kaki sai suka watsu cikin gari, wani masinja, wani ɗan doka, wani mai gadi. Muƙamin dai bai bar su ba. Sunan yanka ya ɓace, kowa Baba Kofur ko Baba Saje yake cewa, har jikoki ma idan za a yi kwatance sai a ce 'yan gidan Samanja.