Sashen ido da ba ya motsi

1/ Ku ɗaga yatsa dab da hanci ku kalle shi, sannan ku kalli bangon ɗaki. Kafin ƙiftawa ido ya gyara hoton. Wane sashe ne ya yi wannan aikin? Da yawa za su nuna gaban ido. To, ba shi ba ne.

2/ A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, likitoci na ce mata koniya. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ido ke tattara haske da shi nata ne. Amma lanƙwasarta ɗaya ce, ko allura kake kallo ko jirgin sama.

3/ Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Young, ya nuna haka a 1801. Ruwa na kashe ƙarfin koniya, shi ya sa in ka buɗe ido a cikin rafi komai dishi-dishi. Sai mutumin ya manna idonsa a ɗan bututu mai ruwa da gilashi a bakinsa. Koniya ta tashi daga aiki, amma idon ya ci gaba da sauyawa daga nesa zuwa kusa. Ashe mai aikin yana ciki.

4/ Wani ɗan madubi ne mai taushi a bayan baƙin ido, tsoka ta zagaye shi. In za ka ga na kusa, tsokar ta tsuke, zaren da ke riƙe da shi ya saki, ya kumbura. In nesa ce, ta huta. ('Yan kwana a waya, kun ji inda gajiyar take fitowa.)

5/ Madubin nan na taurara da shekaru. Ana haura 40 sai a fara nesanta takarda.

6/ Abin da ya samu Gwaggona ke nan. Ɗinki take yi, da shi take riƙe 'ya'ya huɗu. Zare ya daina shiga allura sai ta kira yaro. Wata maƙwabciya ta ce yana ce, ta kawo ruwan wani ganye a kwalba a riƙa ɗigawa.

7/ Nan hankalina ya tashi. Duk abin da aka ɗiga, koniya yake fara taɓawa, ita da lafiyarta ƙalau. Ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, iska ma ta cikin hawaye take samu. In ta yi gyambo ta warke da farin tabo, hakiya ke nan, tabarau ba ya goge ta.

8/ Na ce, “Gwaggo, don Allah ki ba ni kwana biyu.” Ta ce, “Kai da bokonka.” Da ƙyar ta yarda muka je asibitin ido. Aka auna, babu yana, aka rubuta mata tabarau na karatu.

9/ Yanzu yana rataye a wuyanta da igiya. In ta ɗago za ta yi wa mai kaya magana sai ta zame shi zuwa kan hanci, wai da shi fuskar mutum ba ta fita sosai.