Yadda Muka Nemi Haske a Ƙarƙashin Ruwan Wikki

Duk wanda ya tsaya gaban allon nan a makon jiya ya ga hoton wata jar dara a kan yashi, ƙananan kifaye suna kewaya ta. Wasu sun ce daga intanet muka sauko da shi. Wani ɗan aji uku ma har rantsuwa ya yi cewa da kwamfuta aka haɗa shi. To, 'yan uwa ɗalibai da malamanmu, ga yadda aka yi, da abin da ya ci mana, ko ƙannenmu da za su gaji kulob ɗin nan sa tsira daga asarar da muka yi.

Tun farkon zango aka sanar cewa za a kai mu Yankari, a Jihar Bauchi. Mun san kowa zai dawo da hoton biri, mai rabo ya samu na giwa. Mu kuwa muka ce sai mun kawo abin da ba a taɓa liƙawa a allon nan ba, wato hoton ƙarƙashin ruwa. Maɓuɓɓugar Wikki ce ta ba mu ƙarfin gwiwa. Ruwanta yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Tsawon wurin wankan ya kai wajen mita 200, zurfinsa kuwa bai wuce mita 2 ba. Jarinmu shi ne gudummawar mako-mako ta zango biyu, da ribar gyaɗar da muka sayar ranar wasannin gidaje. Kyamara kuwa wayar Malama ce, mai kula da kulob. Da ta miƙo mana ita sai ta ce, "In ta sha ruwa, ku da iyayenku za ku san yadda za ku yi." Ba ta yi dariya ba, mu ma ba mu yi ba.

Jakar roba ta saka waya ba ta ba mu wahala ba. Mun saya, muka cusa busasshiyar takarda a ciki, muka danne ta da dutse a ƙasan duron bayan ɗakin gwaje-gwaje, ta kwana. Da safe takarda ta fito a bushe. Maganar haske ce ta raba kanmu.

Ma'ajinmu ya ce babu buƙatar sayen komai, tunda waya tana da filashinta. Muka gwada a duron. Abin da ya fito farin dishi-dishi ne kawai, domin hasken ya daki robar jakar ya dawo kai tsaye cikin idon kyamara. Sai muka tafi kasuwa muka sayo tocila, wadda aka zana mai nutso a jikin kwalinta. Kusan rabin kuɗinmu ya tafi a nan. Ba ta cika minti biyar a cikin duro ba ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Da muka mayar, mai shagon ya ce, "Yara, ai ruwan sama nake nufi." Muka dawo makaranta jiki a sanyaye, ba mai yi wa wani magana a hanya.

Malamin fizik ne ya karɓi kwalin, ya juya shi, ya nuna mana wani ɗan ƙaramin rubutu a gefe: IPX4. Ya ce wannan alama ce ta duniya da ke faɗin abin da na'ura za ta iya jurewa. Lambar ƙarshe ita ce ta ruwa. In 4 ce, feshi kawai take ɗauka. In 7 ce, za ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30. In 8 ce, an yi ta don ta zauna cikin ruwa fiye da haka, gwargwadon zurfin da kamfanin ya rubuta. Ashe mai shagon bai yi mana ƙarya duka ba, mu ne muka karanta zane muka bar rubutu.

Daga nan Malam ya zaunar da mu ya tambaye mu abin da ya kamata mu fara tambayar kanmu: me ya sa ake son fitila a cikin ruwa, alhali ga rana? Amsar ita ce ruwa yana cinye launi, kuma ba lokaci ɗaya yake cinye su ba. Ja ne ke fara tafiya, a wajen zurfin mita 5 ya kusa ƙarewa. Ruwan lemo ya bi baya, sannan rawaya, a bar kore da shuɗi. Shi ya sa hotunan teku suke fitowa shuɗaye. Aikin fitila shi ne ta mayar da launin da ruwa ya ƙwace. Amma akwai wani lissafi da bai taɓa zo mana a rai ba. Hasken fitila tafiya biyu yake yi, ya je kan abin da ake ɗauka, ya dawo cikin kyamara. In kifi yana nesa da kai mita ɗaya da rabi, hasken ya ratsa mita uku ke nan, jan ya ragu sosai kafin ya iso. Don haka komai ƙarfin fitila, in ba ka matsa kusa ba, ba ta da amfani.

Ya kuma ba mu ɗan tarihi, wanda ya rage mana jin kunya. Wani Bafaranshe mai suna Luwi Butan ya fara ɗaukar hotuna a ƙarƙashin teku a 1893, shi ma matsalar haske ce ta fi sha masa kai. A 1926 wasu Amurkawa biyu, Longili da Martin, suka ɗauki hoton kifi mai launi a tekun Fulorida, amma sai da suka tayar da garin maganiziyam a kan wani ɗan kwale-kwale a saman ruwa don su samu isasshen haske. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a 1927. Muka ce ashe mutuwar tocila ɗaya ba wani abu ba ne. Ma'aji dai bai yarda ba.

Fitilun wannan sana'a iri biyu ne. Akwai mai walƙiya sau ɗaya, wadda ƙwararru ke amfani da ita. Tana da ƙarfi ƙwarai, tana kama kifi yana gudu kamar a tsaye yake, amma tana da tsada, kuma sai an haɗa ta da kyamarar da za ta riƙa tayar da ita. Wannan ba ta masu wayar aro ba ce. Akwai kuma mai ci gaba da haskawa kamar tocila. Ita ta fi dacewa da ɗan koyo, domin abin da idonka ya gani a fuskar waya shi ne zai fito a hoto. Ana auna ƙarfinta da lumen, kuma don ɗaukar abu na kusa, lumen 1,000 zuwa 2,000 ya isa. Mu dai yanzu ba ma gaskata manyan lambobin da ake rubutawa a kwalin kaya masu araha.

Allah ya taimake mu, yayan ɗaya daga cikinmu yana da tocilar nutso ta gaske, mai IPX8, ya ba mu aro. Ta shiga duro ta fito lafiya. Sai dai hoton ya zo da wani farin tabo a tsakiya, gefe kuma baƙi ƙirin. Ita an yi ta ne don hango nesa, haskenta siriri ne kamar sanda. Fitilar hoto ana son ta baza haske, faɗin digiri 100 ko fiye, ba tare da tsakiya ta fi gefe ƙarfi ba. Kuɗin sayen irin wannan kuwa ya riga ya tafi tare da tocilar kasuwa. Sakatariyarmu ce ta kawo dabara: muka yanko gindin wata farar robar yogot, muka kifa a bakin tocilar, muka ɗaure da kyauron roba. Haske ya ragu, amma ya bazu, tabon ya ɓace.

Gwajin da ya fi burge mu shi ne na garin madara. Malam ya zuba rabin cokali a duron ya motsa, ya ce mu riƙe tocila dab da waya mu ɗauka. Hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige. Ya ce mu tuna direban da ya kunna manyan fitilu cikin hazon hunturu, ƙurar da ke gabansa kawai yake haskawa, ba hanya ba. Kowane ruwa yana da 'yar ƙurarsa, ko da ido bai gan ta ba. Da muka janye tocilar gefe kamar tsawon hannu, muka karkata ta, ɗige-ɗigen suka ragu ƙwarai. Daga ranar muka raba aiki, ɗaya da waya, ɗaya da tocila.

Wani daga cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ya ce a ja wayar wuta daga ɗakin gwaje-gwaje a saka ƙwan lantarki cikin kwalba. Malam bai taɓa ɗaga mana murya kamar ranar ba. Wutar bango da ruwa kisa suke yi. Fitilar batir kawai ake kaiwa bakin ruwa, ita ma sai an duba zoben robar da ke toshe murfinta, domin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kansa ya isa ya shigar da ruwa.

A Wikki, biyu daga cikinmu da suka iya iyo ne kaɗai aka bari su shiga, Malam yana tsaye a kansu. Da sassafe hotunan sun yi duhu, ga inuwar itatuwa, ga rana ba ta ɗaga ba, yawancin haskenta a fuskar ruwa yake komawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya komai ya canza, ana ganin tsakuwa ɗaya-ɗaya. A fili inda rana ke sauka, tocilar da muka sha wahala a kanta ko alamarta ba a gani. Sai a gefe-gefe, ƙarƙashin inuwa da lungunan dutse, ta nuna amfaninta. Fuskar waya kuma ta ƙi jin taɓi a cikin ruwa, da madannin ƙara sauti muka riƙa ɗauka. Can sai 'yan kulob ɗin kimiyya suka faɗo ruwan gaba ɗaya, yashi ya tashi, muka koma sama da su wajen da ruwan ke fitowa, muka jira ya kwanta. Mun kuma kiyaye kada ƙafa ko jikin wani mai wanka ya shiga hotonmu ba da izininsa ba.

Hoton da kuka gani an ɗauke shi ne a bakin inuwa. Darar ta direban motarmu ce, mun danne ta da tsakuwa, waya tana nesa da ita kamar kamu ɗaya, tocila daga hagu. Mun ɗauki wani a wuri ɗaya ba tocila, darar ta fito kamar ta sha wanki shekara goma. Gobe za mu liƙa shi kusa da na farko ku gwada da idonku. A cikin hotuna fiye da ɗari, huɗu ne kawai muka iya nunawa.

Wayar Malama ta koma hannunta a bushe, tocilar aro ma ta koma ga mai ita, direba kuma ya shanya hularsa a gaban mota har muka iso. Har yanzu muna gardama da ma'aji. Shi yana ganin tunda rana ta yi yawancin aikin, da ba mu sayi komai ba sai jaka. Mu kuma muna nuna masa jan darar. Matacciyar tocilar tana cikin akwatin kulob tare da kwalinta, mun zagaye IPX4 da jan biro. Mai son ganin gwajin garin madara ya zo bayan ɗakin gwaje-gwaje ranar Laraba bayan sallar azahar, duron yana nan.