Hanyar Unguwarmu: Wace Ƙofa Za Mu Buga?

Ya kai mai karatu, ina so ka ba ni aron hankalinka mu yi magana a kan wani abu da kake takawa kullum safe da yamma, amma ba kasafai kake tunawa da shi ba sai ran da ya ɓata maka tufa. Wato hanyar unguwa. Ita ke kai ka makaranta, ita ke kai mahaifinka gona ko kasuwa, ta kanta ake fita da marar lafiya, ta kanta kuma ake shigo da amarya. Idan ta lalace babu gidan da ba ya ji a jikinsa. Amma abin mamaki, sai ka ga an yi shekara da shekaru ana kuka a dandali da teburin mai shayi, ba a sami wanda ya ɗauki kukan nan ya kai shi inda za a share hawaye ba. To, gyaran hanya haƙƙinmu ne, sai dai shi haƙƙi yana da ƙofar da ake bi a karɓo shi, yana kuma da ladubbansa.

Da farko ka sani, hanya ba ta mutuwa dare ɗaya, kuma babban makashinta ruwa ne. Hanyar burji mai lafiya za ka ga tsakiyarta ta ɗan yi doro, domin in an yi ruwa ya gangara gefe da gefe ya faɗa lambatu, daga nan ya bi ta kwalbati ya wuce rafi. Ran da lambatu ya cika da leda da toka da shara, ko wani ya ja katangar gidansa ya tare hanyar ruwa, to shi ruwa ba ya neman izini, sai ya hau kan hanyar ya kwanta. Ƙasa ta jiƙa ta yi laushi, tifa ta zo da lodin yashi ta danna, sai ɗan rami ya fito kamar ƙoƙo. Bana ƙoƙo, baɗi masaki, shekara ta uku kuwa ya zama kududdufin da agwagi ke wanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka ta faru da tamu hanyar, wadda ta taso daga bakin kwalta, ta ratsa tsakiyar gari, ta wuce makaranta da asibitin sha-ka-tafi. A daminar 2022, wadda aka yi ambaliya a jihohi da yawa na Nijeriya, Jihar Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya, ruwa ya zo ya cinye ƙasan kwalbatinmu ya rufta. Gari ya rabu biyu. 'Yan ajin ƙasa da ke tsallake suka daina zuwa makaranta duk ranar da aka yi ruwa, domin babu uwar da za ta saki ɗan shekara biyar ya tsallaka wannan kwazazzabo. 'Yan acaɓa suka ƙara kuɗi, masu motar ɗaukar tumatir suka ce sai dai a kai musu kaya bakin kwalta a amalanke. Da idona na ga an ɗauko mace mai naƙuda a kan ƙyauren ƙofa cikin dare, maza huɗu suna riƙe, wani yana haska musu tocila. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma tun daga wannan dare dattawa suka ce zama bai gan mu ba.

Tambayar farko da muka yi karo da ita ita ce: wai hanyar nan ta wace ce? Ka lura da kyau, domin a nan mutane da yawa ke ɓata takalminsu a banza. Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne. Akwai na Gwamnatin Tarayya, irin su Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna, waɗanda aka kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da gyaransu. Akwai na jiha, masu haɗa manyan garuruwa. Sa'an nan akwai ƙananan hanyoyin karkara da na cikin unguwa. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu akwai ginawa da gyaran hanyoyi da tituna da magudanan ruwa, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Ke nan mai kukan lambatun ƙofar gidansa, in ya ɗaga murya yana zagin Abuja, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mutanenmu kuwa, bisa al'ada, gidan dagaci suka fara nufa, kuma hakan daidai ne. Sai dai dagaci ya tuna mana abin da yara ba su sani ba. A zamanin En'e, mai unguwa da dagaci da hakimi su ke tattara haraji da jangali, akwai baitulmali a hannun masarauta, akwai sashen ayyuka. A 1976 aka yi garambawul, aka kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, ikon kashe kuɗi ya koma sakatariya. A 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, Gwamna Balarabe Musa ya yi haka a Jihar Kaduna. Don haka dagacin yau ba ya da taska, ba ya da gireda. Abin da yake da shi kwarjini ne da baki, da sa hannun da in ya hau takarda ba a iya cewa ta 'yan tayar da zaune tsaye ce. Wannan kuwa ba ƙaramin jari ba ne.

To kuɗin fa? Za ka ji ana cewa babu kuɗi, kuma wani lokaci akwai ƙamshin gaskiya, domin albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na cinye kaso mai tsoka. Amma ya kamata ka san cewa ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 a Kano, 34 a Katsina, 27 a Jigawa, kuma kowace tana da rabonta daga Asusun Tarayya duk wata. A tsarin rabon da aka fitar a 2004, kasonsu gaba ɗaya kashi 20.60 ne cikin 100. An daɗe kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnatin jiha, har ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa doka. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma dai ya ƙara wa talaka ƙarfin gwiwar tambaya. Bugu da ƙari, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubutawa ya nemi bayanin aikin gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7.

Zuwan farko da na biyu da jama'a suka yi sakatariya, da baki aka yi magana, aka ce za a duba. Maganar baki kuwa iska ce, da ka juya baya ta tafi. Sai aka kafa kwamiti: limami, shugaban manoma, wakilin 'yan acaɓa, wakiliyar mata, da ni a matsayin mai alƙalami. A nan ne ɗalibai irinka suka yi rana. Manyan ɗalibai suka ɗauki igiya suka auna tsawon inda ya lalace, suka ƙirga ramuka, suka zana taswirar inda ruwa ke tsallakawa. Wani mai waya ya ɗauki hotuna. 'Yan mata suka bi gida-gida suna rubuta abin da iyaye mata suka faɗa, tun da su ba sa zuwa dandali, alhali su suka fi kowa sanin ranakun da yaro ya fasa makaranta. Aka rubuta koke shafi ɗaya tak, da Hausa da Turanci. Masu boko suka sa hannu da boko, dattawa suka rattaba sunayensu da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya dangwala yatsa.

Ka kula da abin da muka roƙa. Wasu sun so a ce a zuba mana kwalta har da fitilu. Wani tsohon lebura da ya yi aikin hanya a ƙuruciyarsa ya ce a'a, wanda ya nemi raƙumi a inda ake rabon akuya zai koma gida hannu rabbana. Sai muka nemi abu uku ƙayyadaddu: a sake kwalbati, a haƙa lambatu gefe biyu, a zuba burji a daddaɓe. Takardar ta bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, kowa ya sa hannu. Aka ba kansilan mazaɓarmu kwafi, domin shi ne bakinmu a majalisar ƙaramar hukuma, aka kai ɗaya ofishin ciyaman, ɗaya sashen ayyuka. Kowane wuri muka nemi akawu ya buga mana hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu, don kada gobe a ce ba a gani ba. Kuma mun kai ta tun kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, domin aikin da bai shiga kasafi ba maraya ne.

Daga nan sai bin sawu, wanda shi ne mafi wuya. Duk mako biyu mutum biyu za su je, ana karɓa-karɓa don kada kowa ya gaji. Su shiga da sallama, su ce, “Ranka ya daɗe, mun zo jin inda takardarmu ta kwana.” Ba zagi, ba ɗaga murya, ba kuma durƙuso irin na maroƙa. In sun dawo a rubuta a littafi wanda suka gani da abin da ya ce. Wasu samari sun kawo shawarar a tare babbar hanya a ƙona taya, dattawa suka hana, domin wanda za a cuta matafiyi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma daga ranar za a bar maganar kwalbati a koma maganar belin yara.

Jarrabawa biyu suka same mu, kuma ina jin kowace unguwa za ta gamu da su. Ta farko siyasa. Ana gab da zaɓen 2023 sai ga tifa biyu na yashi an zube a bakin kwazazzabo, aka yi kiɗa aka tafi, yashin ya zauna har yara suka mai da shi wurin wasa. Aka so raba mu, wai wane ɗan jam'iyya kaza ne. Muka ce rami ba ya tambayar katin jam'iyya kafin ya karya ƙafa. Ta biyu gardama ce a kan aikin gayya. Wasu suka ce in muka taɓa hanyar da hannunmu, hukuma za ta ce ai sun iya, ta ƙyale mu. Wannan magana tana da hujja, amma muka raba aikin gida biyu. Yashe lambatu da hana zuba shara namu ne, tun da mu muka cika shi, kuma kun sha ji a aji cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Kwalbati kuwa yana bukatar injiniya da siminti da rodi, wannan na hukuma ne, ba kuma za mu yafe ba.

Alhamdu lillahi, da rani ya tsaya aka zo aka gina kwalbati, gireda ta bi ta baje burji daga bakin kwalta zuwa makaranta. Daga makaranta zuwa asibiti har yanzu yana nan yadda yake, littafinmu ma yana nan a buɗe, masu zuwa sakatariya ba su fasa ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma fa sai yana iza wuta.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, kada ka ce kai yaro ne. Ledar da ka ƙi jefawa a kwata gyaran hanya ce. Alƙalamin da kake koyo da shi, na tawada ne ko na biro, wata rana shi zai rubuta wa unguwarku koke. Gobe in za ka taho makaranta ka duba inda ruwa ke kwanciya, ka tambayi Baba sunan kansilanku, in bai sani ba ku nemo tare. Ku kuma iyaye, kada ku jira sai an ɗauko wata a kan ƙyaure kafin ku zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu haɗin kai da juriya, amin. Wassalam.