Wa Zai Yi Wa Tsohuwar Kwamfuta Faci?

Ran 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, watau babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, bayan ta shekara 10 a kasuwa. Kada mai karatu ya zaci kwamfutocin sun mutu ne a ranar. Suna nan suna aikinsu garau. Abin da aka daina shi ne aiko da facin tsaro na kowane wata. Ita manhaja kamar katangar gida take, a kai a kai akan gano wata ɓaraka da masu kutse za su iya bi su shiga, sai kamfanin da ya gina ta ya aiko da abin toshewa. To, idan magini ya ce ya gama da katanga, ɓarayi kuwa ba su ce sun gama da ita ba, ina aka dosa?

A Gwarinpa nake zaune, kuma saboda halin aikinmu na jarida, na dawowa gida da dare da buga takardu a kan hanya, na saba da shagunan buga takardu na unguwar. Mutum zai miƙa musu hotonsa, da lambarsa ta ɗan ƙasa, da takardun makarantar 'ya'yansa, wani lokaci har da bayanin asusunsa na banki. Nakan leƙa fuskar kwamfutocin nan in ga abin da ke cikinsu. Da yawa Windows 10 ne, har ma na sha ganin Windows 7, wadda aka yaye tun ran 14 ga Janairu na 2020. Masu shagunan nan ba sakarkaru ba ne. Na gwanjo suka saya, kamar yadda akasarinmu muke saya a Banex da ke Wuse, ko Farm Centre a Kano, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko, kuma kayan da suka saya bai lalace ba.

Nan ne maganar take. Wa'adin da kamfani ke yankewa, da ma'aunin mutumin da ya sayi sabuwa a London ko New York ake auna shi. Shi ya ci rabin farko na rayuwar na'urar, mu kuwa rabin ƙarshe yake iso mana cikin jirgin ruwa, wa'adin ya kusa cika. Aka ce a koma Windows 11, amma sai kwamfuta tana da wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a 2023 cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Mun kuwa san inda sharar Turai takan sauka.

Kamfani yana da tasa hujja, ban raina ta ba. Ba zai dawwama yana biyan injiniyoyi albashi a kan kayan da ya ci kuɗinsu tun tuni ba. Amma a tuna da watan Mayu na 2017, sa'ad da annobar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka soke ganin likita wajen sau 19,000. A lokacin an riga an yaye Windows XP tun Afrilun 2014, sai ga shi cikin kwana ɗaya kamfanin ya saki facinta kyauta ga kowa. Ashe facin yana nan, ana ba waɗanda ke biyan kuɗi na musamman. Gaskiya dai, yawancin kwamfutocin da suka kamu masu Windows 7 ne waɗanda facinsu ya fito tun Maris ba a liƙa ba, saboda haka masu kaya su ma suna da nasu kason laifi. A nan gida ma na san masu kashe sabuntawa don kada ta cinye musu data, kuma wanda ya san tsadar data ba zai yi saurin zaginsu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi da Turawa. Microsoft ya yi tayin ƙarin faci na shekara guda, zuwa Oktoban 2026, a kan dala 30 ko bisa wasu sharuɗɗa. Ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka tasa shi gaba, sai ya sassauta wa mutanen yankinsu sharuɗɗan a Satumban 2025. Haka nan tun ran 20 ga Yuni na 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera wayoyi su riƙa sabunta manhaja aƙalla shekara 5 bayan sun daina sayar da samfurin. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara 7 a kan manyan wayoyinsu, waɗanda mai shago a Gwarinpa sai dai ya gani a hannun wani. Ita ƙaramar wayar da talaka ke tura kuɗi da ita, sau da yawa ba wanda ya gaya masa yaushe za a daina kula da ita.

Muna da NITDA, muna da NCC mai ba wayoyi izinin shigowa, muna da hukumar kare masu saye ta FCCPC. A ganina ba sai sun fara da faɗa da manyan kamfanoni ba. NAFDAC ta saba wa jama'a da duba ranar lalacewa a jikin kwalin magani, har tsohuwa a ƙauye takan ce a duba mata. Sai a tilasta wa duk mai shigo da waya ko kwamfuta, sabuwa ko ta gwanjo, ya rubuta a jikin kwali da rasit ranar da facinta zai yanke, kuma NCC ta ƙi ba da izini ga samfurin da mai shi ya ƙi faɗin wannan rana.